Babur Ne Ko Gidan Gala?

Yau da 'ya'yanmu da ƙannenmu masu babur da keke za mu yi, kuma ba za mu yi ta a kaikaice ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka yi dominsa kuma ya san kansa.

Duk mai kwana a unguwar nan ya san abin da muke nufi. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sanyin Jos ya sauko, masu shayi sun fara haɗa kofuna, kowa ya ja bargo. Sai ka ji wani abu yana dukan ƙirjinka tun kafin kunnenka ya tantance ko mene ne. Kwanon rufi ya ɗauki kaɗawa, gilashin taga ya amsa. Jaririn da uwarsa ta yi awa guda tana jijjigawa ya farka da ihu. Dattijon da ya sha maganin hawan jini, barci ya fara ɗaukarsa ke nan, ya tashi zaune yana salati. Ka leƙa, me za ka gani? Yaro ɗaya tal a kan babur, an ɗaure akwatin katako a bayan kujera da igiyar roba, shuɗayen fitilu na walƙiya a ƙarƙashin tanki, ya tsaya a ƙofar wani gida yana jiran abokinsa. Bai kashe ba, bai rage ba. Shi a ganinsa ya iso.

Abin ba haka ya fara ba. Da can 'yar rediyo ce mutum zai rataya a hannun babur ya ji labarai ko wasan ƙwallo, ba wanda ya ce masa kanzil. Daga nan aka shiga yayin 'yar na'urar MP3 mai cin memori, da 'yan lasifikoki biyu kamar murfin gwangwani. Nan ma mun yi shiru. To yanzu an wuce nan. Yanzu sai an je wurin rewaya an sa amfilifaya, an sayo wufa irin ta falo, an kai wa kafinta ya buga mata akwati, sau da yawa ma da guntayen katakon kasuwarmu, sannan a haɗa da wayar hannu ta Bluetooth. Wanda ya sa ɗaya, in ya ji na abokinsa ya danne nasa, gobe sai ya ƙara ta biyu. Masu keke kuwa, da yake suna da fili, wasu bayan kujerar fasinja gaba ɗaya suka mayar akwatin kiɗa, har babu inda mace za ta ajiye kayan cefanenta. Su suna kiran wannan gyara. Mu ɓarna muke kiransa, ga kuma dalilanmu.

Inda aka ɗauko yayin

Mun tambayi wasu daga cikin yaran, wai ina kuka samo wannan? Sai su zaro wayar hannu su nuna mana bidiyo a TikTok ko YouTube: ga wasu ƙarti can a Amurka a kan manya-manyan babura, an cika akwatunan gefe da lasifikoki, ana gasar wanda ya fi ƙara. Wai su ma haka suke so su zama. To bari mu gaya muku abin da bidiyon bai nuna muku ba.

Waɗannan babura na doguwar tafiya ne, irin su Honda Gold Wing da manyan Harley-Davidson. Gold Wing tun 1975 ake ƙera shi. Na yanzu injinsa silinda 6 ne, cc 1,833, nauyinsa ya haura kilo 350. Boxer ɗin da ke layinmu silinda 1 ne, cc 100 ko 150. Wato injin wancan ya ninka na ƙaramin Boxer sau 18. Na'urar cajinsa irin ta mota ce, tana ba da wuta sama da wat 1,000. Yana da garkuwa a gaba mai tare iska, a jikinta kamfani ya dasa lasifikokin tun daga masana'anta, suna fuskantar mai tuƙi. An ma tsara na'urar yadda in gudu ya ƙaru sauti zai ƙaru, in an shigo gari an sassauta ta rage kanta da kanta. Don wa aka yi shi? Don mutumin da zai wuni a kan buɗaɗɗen titi, tafiya kamar daga nan zuwa Maiduguri, ba kowa a gefensa sai daji da iska.

Kai kuma, ɗan samari, tafiyarka daga Katako zuwa Farar Gada ce, ko ka leƙa Unguwar Rogo ka dawo. Lungun da kake bi, in ka miƙa hannu za ka taɓa tagar mutane. Ka ɗauko kayan daji ka shigo da su ɗakin kwanan jama'a.

Can ɗin ma da kuke kwaikwayo ba sakaka aka bar su ba. A jihar Fulorida, tun ranar 1 ga Yuli 2022, in ana jin kiɗan abin hawanka sarai daga nisan ƙafa 25, wanda bai kai mita 8 ba, ɗan sanda na da ikon ya ci ka tara. Wannan ɓangaren ba a sa shi a bidiyo.

Lissafin wuta

Mu zo kan babur ɗin kansa, tunda shi ne jarinka. Duk rewaya na gaskiya ya san wannan lissafi, wasu dai ba sa faɗa saboda kar ciniki ya wuce su. Wutar babur bolt 12 ce. In kana so ka san amfiya nawa na'ura ke ja, raba wat ɗinta da 12. Amfilifayar da ke cin wat 120 tana jan amfiya 10. Batirin ƙaramin babur kuwa bai fi amfiya 5 zuwa 7 a awa ba, alhali na mota yakan kai 60 zuwa 75. In ka kashe inji ka bar kiɗa a majalisa, ko a takarda rabin awa ne da 'yan kai batirin ya kwanta, a zahiri ma ba ya kaiwa. In inji na aiki, koyil ɗin da ke caji an yi shi ne daidai fitila, sigina, hon da ɗan abin da zai mayar wa batir. Babu rarar da za ta ciyar da gidan gala.

Me ke biyo baya? Hon ya shaƙe, ka danna ya yi kukan ɗan tsako. Sigina ta daina ƙiftawa. Fitilar birki ta dushe, mai motar da ke bayanka da dare bai san ka tsaya ba. Rektifaya ta yi ta ɗaukar zafi har ta ƙone, batir ya mutu kafin lokacinsa. Sai ka ji yaro yana cewa ai kayan yanzu duk jabu ne. Haba! Jaki aka ɗora wa kayan raƙumi, in ya durƙushe laifin wa?

Ga kuma cutar da ake muku a shago. Za ka ga kwali an rubuta wat 1,000 ko 2,000 da manyan baƙaƙe, yaro ya biya yana murna. Na'urar da za ta ba da wat 1,000 na gaske a bolt 12 sai ta ja sama da amfiya 80, babur ɗinka kuwa ko a mafarki ba shi da su. Juya bayan amfilifayar ka duba fiyus ɗinta. In an rubuta 10 a jiki, to ba za ta wuce wat ɗari da 'yan kai ba, komai ƙaryar da ke kan kwalin. An sayar maka da lamba, ka saya da kuɗin gumi.

Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda ake jan wayar. Mun tsaya mun gani da idonmu: siririyar waya daga kan batir kai tsaye, babu fiyus a tsakani, an murɗa bakin da hannu an naɗe da salatif, wani ma da leda, an bi da ita ta ƙarƙashin tankin mai. Babur kullum cikin jijjiga yake, ga ramukan hanya, ga ruwan Agusta na Jos da ba ya ɗaga ƙafa. Yau da gobe bawon wayar ya goge, ta taɓa ƙarfe. Fiyus shi ne mai gadin da zai yanke wuta a wannan lokaci. In babu shi, wayar ce za ta yi ja, a gefen fetur.

Yanzu a tuna inda ake ajiye waɗannan babura. A zaure, inda yara ke kwana a ɗakin da ke kusa. A cikin Kasuwar Katako, tsakanin tarin busasshen katako da garin zarto da buhunan hatsi. Mu mutanen Laranto sai an yi mana bayanin gobara? Mun ga abin da ya sami Babbar Kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, har yau ba ta koma yadda take ba. Mun ga tokar Katako a Nuwamban 2008, mun san mutanen da suka kwana da jari suka tashi babu ko allo ɗaya. Kasuwar da ta sha wuta irin wannan, ita za a riƙa shigar wa da waya tsirara saboda wani yana son a ji waƙarsa?

Kunnen da ba shi da sifiya

Taya in ta ƙare akwai wata a Dilimi. Kunne babu. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu siraran gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa, babu allura babu jiƙo.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi ya ce a desibel 85 awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a yini. Duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin yana raguwa da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in an kai 100 minti 15 kacal. Ba sai kana da na'urar awo ba. In mutum yana tsaye nisan hannu da kai, kuma sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka, kun riga kun haura 85. To wanne ne a cikin waɗannan babura za ka yi magana da mai shi ba tare da ihu ba? Kuma shi ba awa ɗaya yake yi a kai ba, daga safe har dare ne, kwana bakwai a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 a duniya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Namu suna cikin lissafin, har sun zaɓi layin gaba.

Ku tambaye su tsakani da Allah: in sun kwanta da dare, ba sa jin wani siririn ƙugi a kunne wanda ba ya tsayawa? Wannan shi ne sammacin farko. Daga nan sai a fara “me ka ce?” sau uku a hira ɗaya, sai a ƙara murɗa sautin saboda ba a ji sosai, ƙarin kuma ya ƙara cinye abin da ya rage. Yaro ɗan shekara ashirin da biyar yana sayen kurumtar ɗan tamanin da kuɗinsa. In ma shi ya zaɓa wa kansa, 'yan makarantar da ake lodawa a keke kunnensu manne da akwatin fa, su wa ya tambaye su? Jaririn da ke goye a bayan fasinja, kansa daidai bakin wufa, me ya yi?

Ga kuma hanya. Mai babur ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi, idonsa da kunnensa su ne garkuwarsa. Madubi dama da yawa sun cire, wai yana ɓata gayu. Saura kunne, shi ma an toshe da kiɗa. Tirela na danna hon a baya ba ka ji ba. Motar katako na ja da baya, yaron mota na buga ƙarfe yana ihu, ba ka ji ba. Jiniyar motar asibiti, ba ka ji ba. Fasinja na cewa akwai, akwai, sai ka wuce da ita layi biyu. Ranar da abin ya faru kuma sai a ce tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, amma wanda ya rufe ido da kunne ya hau titi shi ya aika masa goron gayyata.

Kunnen unguwa

Akwai abin da yaran da aka haifa bayan shekarar 2000 ba su cika ganewa ba, kuma laifinmu ne da ba mu zaunar da su mun gaya musu ba. Mu da muka ga 7 ga Satumba 2001, muka ga 28 ga Nuwamba 2008, muka ga Janairun 2010, da kunne muke kwana. Ido biyu a rufe, kunne a buɗe. Mun san bambancin ƙarar tayar da ta fashe da wadda ba taya ba. Mun san irin gudun da in ka ji shi a lungu za ka tashi iyali. Akwai iyaye mata a unguwar nan da har gobe in abu ya yi dum da dare sai sun laluba sun ƙirga 'ya'yansu. Wannan dukan bes ɗin da ke ratsa bango, wanda kai kake jin daɗinsa, a ƙirjin wata tsohuwa wani abu dabam yake tayarwa.

Kuma shirun dare kayan tsaro ne. Da shi 'yan sintiri ke jin motsin ɓarawo. Da shi maƙwabci ke jin ihun gobara ko kiran mai naƙuda tun abin bai yi nisa ba. Duk wanda ya cika dare da ƙara ya ɗauke mana wannan, ko ya sani ko bai sani ba.

Sannan babur ba ya tsayawa a Laranto. Yana shiga unguwannin maƙwabtanmu waɗanda ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, waɗanda dattawanmu da nasu suka yi shekaru suna zama ana ɗinke abin da ya yage. In ka wuce ƙofar cocinsu ana tsakar ibada da kiɗa kamar za a tsaga ƙasa, ba sunanka za a kira ba, don ba a san shi ba. Sunan unguwarmu za a kira, da na ƙabilarmu. Wake ɗaya ke ɓata gari. Abin da ba za mu yarda wani ya yi mana a ƙofar masallaci ba, da wane baki za mu kare shi in namu ne ya yi?

Kada mu miƙa sandar da za a doke mu

Mu faɗi wadda kowa ya sani ake kauda kai. Tun 2010, zamanin Gwamna Jonah Jang, akwai dokar hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, ba mu kuma manta tarzomar da ta biyo bayan fara aiwatar da ita ba. Dokar ba ta mutu ba, lokaci-lokaci ake tayar da ita a yi kame. Keken ma da aka koma, sau nawa aka hana shi fita ranakun Sallah da Kirsimeti? Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013. Legas ta yi nata a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022. Ta ɓangaren ƙara kuma, hukumar NESREA ta tarayya tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009. Wato takardun da za a kama ku da su a rubuce suke, jiran dalili kawai ake.

Sana'ar da ke tafiya a kan siraɗi irin wannan, hankali ya ce a yi ta a natse. Amma sai ga wasu suna shelar kansu tun daga nisan rabin kilomita. Duk mai neman hujjar cewa masu babur da keke fitina ne a gari, kun ba shi kyauta. In kame ya tashi kuma ba a tambayar wa ke da wufa wa ba shi da ita. Magidancin da ke fita da asuba ya nemo na koko da kuɗin makarantar yara, wanda ko rediyo babu a babur ɗinsa, shi ma da shi za a kwashe.

Uzurorin da muka ji

Wani ya ce mana: “Baba, kuɗina ne, babur ɗina ne.” To, kuɗinka ne, amma kunnen namu ne, daren ma na kowa ne. In ka sayi akuya da kuɗinka, ba ka sayi gonar maƙwabcinka ba. Kuma a yi gaskiya, babur ɗin naka ne? Da yawa na wani ne, balas ake kaiwa kullum, ko ana biya kaɗan-kaɗan ba a gama ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya san yadda lissafi ya koma. Mutumin da tayarsa ta baya ta yi sanƙo, birkinsa sai an taka sau biyu, ba shi da hular kwano, shi ne ya tara kuɗi ya sayi amfilifaya. Wannan ba gayu ba ne, rashin lissafi ne.

Wani ya ce fasinja ne ke so. Wane fasinjan? Mun tambayi iyayenmu mata da matanmu. Abin da suka ce shi ne kunya ke hana su magana, in kuma sun yi sai a ce “Hajiya, in ba ki so ki sauka.” Mace da surukinta a keke ɗaya, a saki waƙar da ko a ɗakin samari sai an rufe ƙofa, kowa ya sunkuyar da kai har a isa. Shirun mai kunya ba yarda ba ne.

Wani ya ce shi ai wa'azi yake sawa, ko karatu. Madalla da niyya. Amma wa'azi a desibel 100 yana kashe kunne daidai da yadda waƙa ke kashewa, yana kuma tayar da mara lafiya daidai wa daida. Sannan ka je ka tambayi malaminka ko girmama karatu ne a sake shi a kan titi, kana ciniki a kansa, kana zagin direban da ya matse ka, ba mai saurare. Mun san amsar da zai ba ka.

Wani kuma ya ce, me ya sa sai mu? Ga janareto, ga masu DJ a biki, ga injin niƙa, ga injinan yankan katako, ga lasifikokin wuraren ibada da wani lokaci ake bari a kunne fiye da kima. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma za mu zo kansu ɗaya bayan ɗaya a wannan shafi, ba wanda za mu ɗaga wa ƙafa. Sai dai laifin wani ba ya wanke naka. Injin katako da rana yake aiki, a wurinsa yake tsaye, iyalai yake ciyarwa. Taka ƙarar kuwa ƙafa gare ta, har ƙofar ɗaki take bin mutum, kuma ko ƙwayar hatsi ba ta ƙara wa kowa.

Kada a ce mu maƙiya kiɗa ne. Wannan garin Ɗan Maraya ne. Marigayi Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, abin da za ka sa a aljihun babbar riga. Talakawa irinku ya yi wa waƙa, har da karen mota. Mutane matsowa suke yi don su ji shi. Kai kuwa in ka taho, tagogi ake rufewa. Ka zauna ka yi tunanin bambancin.

Abin da muke nema

Ba mu ce a ƙwace babur ɗin kowa ba. Mun san darajarku. Ku ne kuke kai mai naƙuda asibiti ƙarfe biyun dare lokacin da mai mota ya kashe waya. Ku ne kuka zaɓi gumi a kan zaman majalisa da shaye-shaye. Saboda wannan darajar ce muke magana, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Ga masu babur da keke: a sauke akwatin. In ba za a iya rabuwa da sauti ba, 'yar ƙaramar lasifika mai fuskantar mai tuƙi ta wadatar, a murɗa ta daidai yadda wanda ke nisan taku goma ba zai san me ake ji ba. Daga sallar isha'i zuwa wayewar gari, a kashe a cikin unguwa. Kusa da masallaci, coci, makaranta, asibiti, gidan makoki da maƙabarta, a kashe ko da rana tsaka ne. Kada kuma a ce za a koma toshe kunnuwa da iyafis a cikin cunkoso, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ga 'yan'uwanmu rewaya: ku ji tsoron Allah a sana'arku. Kada wata waya ta bar kan batir ba tare da fiyus a kusa da shi ba. Ku sa waya mai kaurin da ya dace, ku nisanta ta da tanki da salansa. Yaron da ya kawo abin da ya fi ƙarfin babur ɗinsa, ku gaya masa gaskiya ko da zai tafi wani wuri. In wuta ta tashi daga aikin hannunku, ba yaron kaɗai za a tambaya ba.

Ga masu ba da babur da keke haya: dukiyarku ce ake ƙona wa koyil. Ku sa shi cikin sharaɗi tun ranar miƙa makulli.

Ga shugabannin ƙungiyoyin masu keke da na tashoshi: kuna karɓar kuɗin tikiti kullum, kuna da ikon hana mutum layi. Ku yi amfani da shi a nan. Ga shugabannin Kasuwar Katako: abin hawan da aka ja wa waya tsirara kada ya kwana a cikin kasuwa.

Ga masu unguwa da limamai: a kira zama, a kira yaran su ma su faɗi nasu, a tsayar da magana ɗaya a sanar bayan sallar Juma'a. Ga iyaye: babur ɗin a zaurenku yake kwana, kada wani ya ce bai gani ba.

Mu kuma sauran jama'a, namu ya fi sauƙi. Daga yau, keken da ya tsaya yana girgiza, mu ce Allah Ya ba da sa'a, mu jira na baya. In aka wuni biyu ana wuce mai wufa ana hawa na mai shiru, ba sai an kira ɗan sanda ba, aljihu zai yi masa wa'azin da ya ƙi ji daga bakinmu.

Gara mu gyara da hannunmu, a cikin gida, cikin mutunci. In muka bari sai na waje sun zo gyara mana, ba akwatin kaɗai za su ɗauka ba, kuma duk mun san haka. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Allah Ya kiyaye mana 'ya'yanmu a kan hanya, Ya sa albarka a nemansu, Ya zaunar da Laranto da Jos baki ɗaya lafiya. Amin.